Butar madara ta azurfa: ta zamanin Joji, ta Biktoriya, ko mai ruwan azurfa?

Duk wanda ya taɓa shiga rumfunan masu tsoffin kayan azurfa a Landan, ko na ƙarƙashin ƙasa da ke Chancery Lane ko na titin Portobello ranar Asabar, ya san inda ido ke fara sauka: manyan butocin shayi, farantai masu faɗin faifai, da alkukan kyandir. Amma abin da mafi yawan masu fara tara irin waɗannan kaya ke fita da shi ƙarami ne, wata 'yar butar madara da tsayinta bai kai taƙi ɗaya ba. Ita ce mafi sauƙin kuɗi cikin kayan shayi na da, tana shiga aljihun riga, kuma a jikinta akwai duk abin da ake koya game da azurfar Ingila: hatimi, siffa, aikin hannu, da irin ha'incin da ake yi a sana'ar. Wani alherinta kuma, ba kasafai ake samun hauren giwa a mariƙinta ba kamar yadda ake samu a butocin shayi, don haka dokar da ta hana cinikin haure a Birtaniya tun 2022 ba ta cika shafarta ba.

Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: da kuɗi iyakantattu, wacce za a ɗauka? Hanyoyi uku ne a gaban mai saye. Akwai ta azurfa zalla ta zamanin sarakunan da ake kira Joji, daga 1714 zuwa 1830. Akwai ta azurfa zalla ta zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, da 'yan shekarun da suka biyo baya. Sai kuma wadda ba azurfa ba ce ciki da bai, an dai lulluɓe wani ƙarfe da ita.

Kafin a kai ga ciniki, akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin ga yawancin masu karanta wannan ita ce gaba da kome. Hadisi ingantacce ya hana ci da sha a cikin ƙoƙon zinare da na azurfa, ga namiji da mace. Malaman Malikiyya, waɗanda akasarinmu muka tashi a kan karatunsu, sun ƙara da cewa ko ajiye irin wannan mazubi bai halatta ba, haka yake a Muhtasar na Shehu Halil, yayin da Hanafawa suka sassauta a kan ajiyewa don ado in dai ba a amfani da shi. Shi kuwa mazubin da aka yi wa ruwan azurfa kawai, zance biyu ne a kansa ko a cikin Malikiyya. Ga kuma zakka: nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wanda butoci biyar ko shida za su iya cikawa. Musulmi ya fara zuwa wurin malaminsa da wannan tambaya kafin ya je wurin dillali. Amsar da ya samu za ta iya rufe masa biyu daga cikin hanyoyin nan uku tun bai fara ba, ko ta mayar da sha'awarsa zuwa kallo a gidan tarihi irin na Victoria and Albert, inda aka jera su birjik, shiga kuma kyauta.

Yanzu ga tarihin, domin shi ne ke sa farashi. Shayi ya shiga Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, ya samu gindin zama a fada bayan da Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine 'yar sarautar Fotugal a 1662. Amma mazubin madara na musamman bai bayyana sosai ba sai farkon ƙarni na 18, zamanin Sarauniya Anne. Na farkon na madara mai zafi ne, da murfi da mariƙin itace. Waɗannan sun yi ƙaranci ƙwarai, kuɗinsu kuma ba na mai farawa ba ne. Daga wajen 1720 sai ga wata 'yar ƙarama mai siffar gora, ba murfi, da ɗan baki mai tsini kamar na tsuntsu. Ba ta da ado ko kaɗan, ga kauri, in ka ɗauka za ka ji nauyinta ya fi girmanta. A wurina babu wadda ta kai ta kyau a duk jerin, kuma masu tarawa sun yarda da haka, shi ya sa take tsada.

Daga wajen 1740 zuwa 1770 yayin masu ƙafa uku ne: ciki kamar tulu, baki mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, ƙafafu masu kama da kofato, mariƙi mai murɗe. Daga nan salo ya juya. Gine-ginen Robert Adam da sha'awar kayan tsohuwar Rum da Girka suka kawo doguwar buta mai kama da kwalkwalin mayaƙi da aka kifar, tsaye a kan ƙafa ɗaya mai gindi murabba'i, an zagaye bakinta da 'yan ƙananan duwatsun ado na azurfa, an yi mata zanen da ake yanka da ƙarfe mai kaifi har ya riƙa walƙiya in haske ya taɓa shi. Wannan ita ce ta 1775 zuwa 1800. A 1784 gwamnatin William Pitt ta rage harajin shayi daga kashi 119 cikin ɗari zuwa kashi 12 da rabi. Shayi ya sauko gidajen masu matsakaicin hali, aka shiga ƙera butocin madara da yawan gaske. Wannan ne dalilin da ya sa masu siffar kwalkwali suka fi kowace irin ta zamanin Joji yawa a kasuwa har yau, kuma suka fi sauƙin samu. Bayan 1800 sai suka gajarce, suka yi faɗi, aka fara wanke cikinsu da ruwan zinare, kuma aka koma ƙera su tare da butar shayi da mazubin sukari a matsayin saiti guda.

To me mutum ke saye in ya ɗauki ta zamanin Joji? Aikin guduma yake saye. Masu ƙafa uku, daga faifan azurfa guda maƙeri ya tayar da jikinsu da bugu, in ka leƙa ciki wani lokaci za ka ga sawun gudumar. Launinsu ma daban ne, wani fari mai laushi da ke ɗan karkata zuwa shuɗi-shuɗi, wanda shekara 250 na gogewa da hannu ke haifarwa, ba injin da zai iya kwaikwayonsa. Aibinsu shi ne tsufa ya taɓa kusan kowacce. Yawancinsu giram 60 zuwa 130 ne kawai, azurfar ba kauri, musamman na ƙarshen ƙarnin da aka yi da faifan da inji ya murje. Ƙafafu kan nutse cikin jiki in an danna butar da ƙarfi. Baki kan tsage. Wuyan da ya haɗa jikin kwalkwali da gindinsa kan karye a liƙe shi. Wurin da mariƙi ya kama jiki kuwa, nan ne za ka fara dubawa, domin nan ne hannu ya fi wahalarwa. Liƙin da aka yi da azurfa da kyau abin haƙuri ne, sai dai a rage kuɗi. Liƙin dalma, mai launin toka-toka, a bar shi inda aka gan shi, domin dalma tana cin azurfa kuma gyaranta wahala ne.

Akwai cuta biyu da suka fi karaya ɓoyuwa. Ta farko, goge tambarin gida. Masu hali na da kan sa a zana alamar zuriyarsu ko haruffan sunansu a jikin butar. In ta canja hannu sai a kankare, wurin ya rage kauri. Danna babban yatsa a hankali a gaban butar, in ka ji ya ɗan ba da kai, an yi kankara. Ta biyu ita ce ta taɓa cin kuɗina. A wata kasuwar tsoffin kaya na ga mai ƙafa uku da hatimin shekarun 1760, jikinta cike da furanni masu tudu, na ɗauka na yi tsintuwa. Sai daga baya wani dattijo mai sana'ar ya juya ta a hannunsa ya nuna mini cewa furannin sun bi ta gefen hatimin sun ɗan murɗe shi. An haife ta ba ado, sai bayan kusan shekara ɗari wani maƙerin zamanin Biktoriya ya bubbuga mata furanni don ta dace da yayin lokacinsa. An yi wa dubban kayan zamanin Joji haka. Hatimin gaskiya ne, azurfar gaskiya ce, amma darajarta a wurin masu tarawa ta faɗi ƙasa warwas. Kyan ɗan maciji ke nan.

Maganar suna kuma. Kowane dillali zai ambata maka Hester Bateman, matar da ta gaji maƙerar mijinta a titin Bunhill Row da ke Landan, ta yi rajistar hatiminta a 1761, ta riƙe sana'ar har 1790 kafin 'ya'yanta su karɓa. Labarinta mai daɗi ne, kayanta ma masu tsabtar aiki ne, kuma Amurkawa sun daɗe suna rububinsu. Sai dai maƙerarta ta fitar da kaya da yawa, akasari marasa nauyi, kuma akwai maƙeran Landan na zamaninta da aikinsu bai gaza nata ba, sunansu ne kawai bai yi tashe ba. Haruffa biyu na HB kan ƙara wa buta kuɗi mai yawa ko da ta gaji. In aka ajiye mini tata da ta sha gyara, aka ajiye ta wani maƙeri da ba a san shi ba amma lafiyayya mai hatimi raɗau, ta biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Kayan shahararrun maƙera irin su Paul de Lamerie da Paul Storr kuwa wani aji ne dabam, na manyan gidajen gwanjo.

Hatimin nan da nake ta ambata shi ne babban abin da ya sa azurfar Ingila ta fi ta ko'ina daɗin tarawa, kuma karanta shi ba wuya. Dokar 1300 ce ta wajabta cewa azurfa ta kai kashi 925 cikin 1000. Zaki mai tafiya, wanda aka fara bugawa a 1544, shi ne shaidar haka. Kan damisa alamar Landan ce, yana sanye da kambi har zuwa 1821, daga nan aka cire kambin. Anka ta jirgin ruwa Birmingham ce, kambi shi kaɗai a kayan da Sheffield ce, dukansu an buɗe ofishinsu na gwaji a 1773. Sai harafi guda da ke nuna shekara, sai haruffan sunan maƙeri. Daga 1784 zuwa 1890 an ƙara kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya harajin azurfa. Wannan kaɗai ya isa ya raba maka gardama da yawa: in aka ce maka buta ta 1765 ce amma ga kan sarki a jikinta, ba haka ba ne. In kuwa ka ga hoton mace a zaune, da wani hatimi na kan zaki kawai, maimakon zaki mai tafiya, azurfa ce mai kashi 958, wadda aka tilasta daga 1697 zuwa 1720, amma an ci gaba da yin ta jefi-jefi har yau, don haka kada hoton ya sa ka ɗauka lallai tsohuwa ce. A masu ƙafa uku, ƙarƙashin ciki ake samun hatimi. A masu kwalkwali, sau da yawa a gefen baki ne ko a gefen gindi, inda tsumman gogewa ke cinye shi. Hatimin da ya shafe yana rage kuɗi sosai, kuma ya kamata ya rage.

A kula da wani abu: in siffa da shekara ba su jitu ba, akwai magana. An sha ɗaukar ƙaramin kofi na da a liƙa masa baki a sayar a matsayin butar madara. An kuma sha yanko hatimi daga wani ƙaramin abu a dasa a sabon jiki. Hura numfashi a kan wurin hatimin, layin liƙi kan fito in akwai.

Ta zamanin Biktoriya fa? Ba na raina ta, ko da yake masu tarawa na da sun yi. Abin da take da shi shi ne lafiya. Ta fi kauri, ta fi nauyi, hatiminta a bayyane, cikinta sau da yawa da ruwan zinare, kuma da wuya a yi jabunta domin ribar ba ta kai wahalar ba. Na farkon zamanin cike suke da ganye da furanni da ciki mai rabe-rabe kamar kabewa. Daga wajen 1880 kuma maƙeran Birmingham, Sheffield, Chester da Landan suka koma kwaikwayon tsoffin siffofi, har ka samu mai kwalkwali ko mai ƙafa uku da hatimin 1895 ko 1905, wadda daga nesa ba ka raba ta da ta asali. Wannan ba ha'inci ba ne, tunda hatimin ya faɗi shekarunta. Ga wanda siffar kawai yake so a kan kanta, ko wanda zai ba da kyauta, ita ce ta fi dacewa, kuɗinta kuma ƙasa da na ta asali nesa ba kusa ba. Abin da ba ta da shi shi ne ƙaranci. An yi su da yawa da taimakon inji, mafi yawansu kuma 'yan saiti ne da aka raba da 'yan'uwansu, shi ya sa farashin na gama-gari ba ya nisa da kuɗin nauyin azurfarsu. Wannan kariya ce ta wani gefen, domin ba za ka yi babbar asara ba. Ta ɗaya gefen kuma shi ke kai su tukunyar narkewa duk lokacin da azurfa ta yi tsada, kamar yadda aka yi a farkon 1980 da farashi ya kusa dala 50 kan kowane oza. Mu ma mun san wannan hali: riyalan Maria Theresa nawa maƙeran farinmu suka narkar suka mayar mundaye da zobba?

Hanya ta uku ta rabu biyu, kuma bambancin yana da girma. Wajen 1743 wani maƙerin wuƙaƙe a Sheffield, Thomas Boulsover, ya gano cewa in aka haɗa faifan azurfa da na jan ƙarfe da wuta aka murje, sai su zama kamar ƙarfe guda. Da wannan faifai aka riƙa ƙera kaya da hannu kusan shekara ɗari, da siffofin da ake yi wa azurfa zalla. Wannan shi ne tsohon aikin Sheffield, kuma kayan tarihi ne na gaske. Ana gane shi da jan da ke leƙowa a kusurwoyi inda azurfar ta goge, da layin ɗinkin jiki, da ɗan siririn zaren azurfa da aka naɗe gefuna da shi don ɓoye jan ƙarfen, wanda farce kan ji. Ɗan ja kaɗan ado ne a wurin masu sonsa. In kuwa an sake yi masa ruwa da lantarki don ya yi ƙyalli, an kashe shi. A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar hanyar shafa azurfa da lantarki, cikin 'yan shekaru tsohuwar hanyar ta mutu. Kayan lantarkin su ne masu haruffan EPNS ko EPBM ko A1, wani lokaci tare da wasu 'yan tambura da aka jera don su yi kama da hatimi. Babu zaki a cikinsu. Su ne suka cika kasuwannin gwanjo, kuma in ban da na wasu fitattun masu zane, kuɗinsu na kayan amfani ne. Kada wanda ya sayar maka da EPNS da sunan azurfa. Amma ga mai son tarihin zamanin Joji da kuɗi kaɗan, ko wanda malaminsa ya sassauta masa a kan mai rufi bai sassauta a kan zalla ba, butar tsohon aikin Sheffield ta wajen 1790 zaɓi ne da ba abin kunya a cikinsa.

Sai saniya, wadda ba a rufe wannan zance ba tare da ita ba. Buta ce mai siffar saniya sak: wutsiya ta lanƙwaso ta zama mariƙi, a gadon baya akwai ɗan murfi da ƙuda a zaune a kai, madara kuma ta baki take fita. Wanda ya shahara da su shi ne John Schuppe, wanda ake kyautata zaton daga Holan ya zo, ya yi rajistar hatiminsa a Landan a 1753, ya yi ta ƙera su har wajen 1773. Nasa suna da tsada ƙwarai. Mafi yawan waɗanda za ka gani a kasuwa na ƙarshen ƙarni na 19 ne ko bayansa, daga Holan ko garin Hanau na Jamus, wasu da tamburan da aka ƙirƙira don su yi kama da na da, wasu da hatimin shigo da kaya Ingila mai harafin F. Suna da ban sha'awa in an saye su da sunansu da kuɗinsu. Wanke cikinsu kuwa aiki ne, kuma mai gudun mutum-mutumi a ɗakinsa ya riga ya san matsayinsa a kansu.

In an tambaye ni, ga yadda nake rabawa. Mai son ya fara tarawa da gaske, ya nemi ta Landan mai siffar kwalkwali ta tsakanin 1780 da 1800, ko mai ƙafa uku marar ado ta 1750 zuwa 1770, ta maƙerin da ba a rububinsa, hatimi huɗu ko biyar duk ana karantawa, ba kankara, ba dalma, zanen jikinta bai shafe ba. Gara ya jira wata shida ya samu guda ɗaya irin wannan da ya tara uku masu rauni. In ya ci karo da ta birnin Dublin na Ayalan mai ƙafa uku da kan zaki a saman kowace ƙafa, ya tsaya ya duba da kyau, domin na Ayalan sun fi kauri kuma sun fi ƙaranci, kuma rashin harafin shekara a jikinsu abu ne da aka saba gani a na tsakiyar ƙarni na 18. Mai son kyauta ko adon kanta, ya ɗauki kwaikwayon 1890 zuwa 1910. Mai ƙaramin ƙarfi, tsohon aikin Sheffield.

Wanda zai saya ta intanet daga Kano ko Yamai ko Kumasi, cinikin biri a sama yake yi, sai ya rage haɗarin da tambaya. Ya nemi hoton hatimi na kusa, da hoton ƙarƙashi, da na cikin butar a inda mariƙi da ƙafafu suka kama, da nauyi a giram da tsayi a santimita. Ya tambaya a rubuce ko an taɓa gyara ta, ko an kankare wani zane, ko adon na asali ne. A gidan gwanjo kuma ya tuna akwai la'adar da ake ɗorawa a kan farashin da aka buga, ga kuɗin aikowa da na kwastan. In ta iso, ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da tsumman auduga sun wadatar. Toka da yashi da soson ƙarfe da muke wanke tukwane da su, in suka taɓa ta sau ɗaya, sun tafi da launin da ya ɗauki shekara 200 yana taruwa, da rabin hatimin tare.